Ciniki daban, riba daban: darasi ga sabon mai kiwo

 Wanda ya bar aikin albashi ya kama kaji ko tarwada, ya sani yanzu babu mai cire masa haraji a ƙarshen wata. Kai za ka yi lissafinka, ka miƙa wa hukumar haraji ta jiharku nan da 31 ga Maris kowace shekara.

A kan riba ake biya, ba a kan ciniki ba. A sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 na farko babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Misali ka sayar da kajin miliyan 4 a shekara, amma 'yan tsaki, abinci, rigakafi, gawayi da ladan yaro sun ci miliyan 3. Ribarka miliyan 1, harajinka 30,000 kacal. To amma da me za ka nuna ka kashe miliyan 3 ɗin? Idan babu rasit babu littafi, ƙiyasi za a yi maka, kuma ƙiyasi bai san tsadar buhun abinci ba.

Saboda haka ka sayi littafi yau ɗin nan. Duk abin da ya shiga ko ya fita, rubuta da kwanan wata, har kajin da suka mutu da wadda aka yanka wa baƙi. Kuɗin gina ɗakin kaji ko tankin kifi ka ba su shafinsu daban, don ba a cire su a shekara guda. Kuma don Allah, asusun gona ban da kuɗin cefane a ciki.