Baƙar Kyanwa: Camfi da Bangaskiyar Iyalin Kirista

Karatu: Farawa 1:24-31, Maimaitawar Shari'a 18:9-14, Fitowa 20:16

Gabatarwa

A Kafanchan, Kagoro, Kwoi da ƙauyukan kewaye, akwai gidajen masu bi da ba a barin baƙar kyanwa ta kwana a cikinsu. Idan ta yi kuka da dare a kan katanga, sai a ce mayya ce ta rikiɗa. Yara su bi ta da jifa, kashegari kuma a fara nuna wata tsohuwar gwauruwa da baki.

Tsoron ya daɗe

Wannan camfi bai tsaya a ƙasar nan ba. A Turai, wata wasiƙar Paparoma Gregory na Tara ta shekarar 1233 ta ambaci baƙar kyanwa cikin ayyukan da aka zargi masu bautar Shaiɗan da su. A Ingila akwai gidajen da ake tara kyanwoyi marasa mai su, domin iyalai su je su ɗauka. Ƙungiyar Cats Protection ta lura baƙaƙen sun fi daɗewa ba wanda ya so su, sai ta kafa ranar baƙar kyanwa a 2011, wadda ake yi a 27 ga Oktoba. A Japan kuwa alamar sa'a ce. Ashe hukuncin daga zuciyar mutum yake fitowa, ba daga dabbar ba.

Abin da Nassi ya koyar

Littafin Farawa ya nuna Allah ne ya yi dabbobi iri iri, ya kuma ga suna da kyau. Sinadarin da ya sa gashin kyanwa baƙi, shi ne ya ba fatar baƙin mutum launinta. Ƙyallin idonta da dare kuma wani shimfiɗi ne a can cikin idon mai mayar da haske, domin ta ga ɓera cikin duhu. Musa ya hana jama'ar Allah duba da bin alamu. Wanda ya fasa tafiya domin kyanwa ta gitta masa, ya ba halitta ikon da na Mahalicci ne kaɗai.

Hasara biyu

Ta fari, gidan da ya kori kyanwa ya buɗe wa ɓera rumbun masara da dawa. Ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa a kan abinci. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa, jihar Borno ta yau, a 1970 kuma ta kashe likitar mishan Jeanette Troup a Jos. Ajiye kyanwa yana cikin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da rufe hatsi da tsabtace gida.

Ta biyu ta fi muni. Zargin da ya fara a kan kyanwa yakan ƙare a kan mutum: gwauruwa, maraya ko kaka. Wannan shaidar zur ce a kan maƙwabci, zunubin da Dokoki Goma suka hana.

Tambayoyi don iyali

1. Waɗanne camfe-camfe ne yara suke ji a gida?
2. Me ya kamata mai bi ya yi idan aka kira maƙwabciyarsa mayya a gabansa?

Abin addu'a

A roƙi Ubangiji ya kawar da tsoro daga gidajen masu bi, ya kuma ba ikilisiya ƙarfin hali ta tsaya wa waɗanda ake zargi ba gaira ba dalili.