Amsar Tambaya: Akwatin Imel Ya Cika, Mene Ne Mafita?

Wani dillalin motoci a Zangon Kwatano ya aiko da kuka: Gmail ɗinsa ya daina karɓar saƙo, ga shi yana jiran takardun kaya daga tashar jiragen ruwa. Shin sai ya share komai?

A'a, Alhaji ya kwantar da hankalinsa. Google na ba kowa gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk cikin wannan rumbu ɗaya suke zuba kaya. Rubutu zalla bai cika cin wuri ba. Masu cinye shi su ne hotunan motoci gaba da baya, da takardun kwastan da aka ɗauka da waya, inda saƙo guda kan kai megabait 25.

Sai ya rubuta has:attachment larger:10M a wurin bincike, manyan saƙonni za su fito. Ya sauke abin da yake buƙata a kwamfuta ko filas, ya buɗe ya tabbatar yana karantuwa, sannan ya goge saƙon daga Gmail. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: abin da aka goge yakan zauna a kwandon shara kwana 30 yana cin wurinsa, sai dai in an zubar da hannu.

Gmail ba ya barin a cire maƙalallen fayil a bar wasiƙar. Manhajar Thunderbird ta kwamfuta tana iya wannan, kuma kyauta ce.

Rasit da takardun kwastan kuwa, kada ya taɓa su sai ya adana kwafi biyu a wurare dabam-dabam.