Amsoshin Tambayoyinku: Daga Agiye Zuwa Ƙololuwar Bagazam

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Agiye, jihar Maraɗi. Kakana ya yi aikin kuza a Abzin yana saurayi, kuma har ya rasu bai daina ba mu labarin wani ƙauye mai suna Elmeki da wani dutse da ake kira Bagazam ba. Ina so in je in ga wurin da idona, in hau dutsen har samansa. Ban taɓa hawa abin da ya fi jigawa tsawo ba. Shin zan iya? Wane shiri zan yi?

Amsa: Malam, Allah Ya jiƙan kakanka. Za ka iya, in Allah Ya yarda, matuƙar kana da lafiya kuma ba ka yi wa dutsen gaggawa ba.

Bari mu fara da ƙauyen. Elmeki yana arewa da Agadas, a kan hanyar da ke zuwa Timiya, kuma Bagazam yana gabas da shi. Ba a gindin dutsen yake ba, saboda haka ziyarar ƙauyen daban, hawan dutsen daban. Tun ƙarshen zamanin Faransawa aka fara haƙar kuza a wurin da kuma Tarwaji, ƙarƙashin kamfanin da ake kira SMDN. Kamfanin ya daɗe da tsayawa, amma masu haƙa da hannu ba su bar sana'ar ba. In ka je ka roƙi wani ya nuna maka yadda ake tace ƙasar: yashi mara nauyi ya tafi, baƙin tsaki mai nauyi ya kwanta a ƙasan kasko. Ka damƙi kaɗan a tafin hannunka, nauyinsa zai ba ka mamaki. Abin da kakanka ya bar gida dominsa ke nan. Kuma irin dutsen da ke haifar da kuzar Abzin shi ne ya miƙo kudu ta Damagaram da Muniyo har Riruwai ta ƙasar Kano da tsaunukan Jos, shi ya sa labarin 'yan kuza yake kama da juna a duk wuraren nan. Roƙona ɗaya: kada ka leƙa tsohon rami, balle ka shiga. Bakinsa kan zabtare ba sallama.

Shi kuwa Bagazam, ba tsinin dutse guda ba ne kamar yadda yara ke zanawa a allo. Wani makeken tudu ne na duwatsu, tsawonsa wajen kilomita 40, faɗinsa wajen 20, gefensa a tsaye, samansa a shimfiɗe. A can sama akwai garuruwan Abzinawa, da idanun ruwa, da garake. Daga kan wannan shimfiɗar ne ƙololuwar da ake kira Idukal-n-Tages ta ɗaga, mita 2,022 daga doron teku, kuma ita ake lissafawa wuri mafi bisa a Nijar. Agiye ba ta kai mita 500 ba. Ka ga hawa biyu ne a gabanka: na farko daga kwari zuwa shimfiɗar, na biyu daga can zuwa ƙololuwa. Ka ware kwanaki, kada ka ce a yini ɗaya za ka gama.

Akwai wani abin da zai sa dutsen ya ƙara shiga ranka. Gobirawa na riƙe da cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu ta Birnin Lalle. Wato maƙwabtanka Gobirawan Tibiri, can wajen Gidan Runji, in suka ji inda za ka, tsohon gida za su ce ka tafi.

Hanyarka daga Agiye ita ce Tasawa, Damagaram, Tanut, Adarbisanat, sannan Agadas. Daga Agadas masu hawa kan nufi wajen Tabelot, garin masu noman albasa da ke gindin dutsen, a can a nemi ja-gora da jakin kaya. Wannan maganar ja-gora ita ce na fi so ka riƙe. Hanyoyin da aka gada na ƙafa ne da jaki da raƙumi, sun ratsa tsakanin manyan duwatsu masu kama da juna, kuma ɗan garin ne ya san wane idon ruwa ke kawowa bana, wane ya ƙafe. Ban da haka, gidan mutane za ka shiga. Ka fara da gaida mai gari, ka sha shayin da aka ba ka, kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Sha'anin tsaro ma a arewa yakan canza, don haka ka tambayi jandarmomi a Agadas kafin ka fita, katin ɗan ƙasarka na aljihu, kuma ka bar wa na gida sunan garin da ka nufa da ranar da za ka dawo.

Lokaci mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina korama kan cika farat ɗaya da ruwan da aka yi a wani wuri can nesa, da bazara kuwa dutse gasa mutum yake. Sai dai ɗarin can ba irin na Agiye ba ne. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6, kuma a Disamba da Janairu kana iya tashi da asuba ka tarar ruwan da ya kwana a buta ya yi ƙanƙara a sama. Ka tafi da bargo mai kauri, da rigar sanyi, da safa, da rawani.

Ƙafarka ta saba da rairayi, wanda ke gajiyar da mutum amma ba ya bugun gwiwa. Tun wata biyu kafin tafiya ka riƙa yin tafiyar awa ɗaya zuwa biyu da jaka a baya, ka hau jigawa ka sauko, ka sake. Takalmin da za ka hau da shi ka fara sa shi tun yanzu, domin sabon takalmi ƙwarzane dunduniya yake. Ruwa kuma lita 4 a yini, ga dabino da ƙuli-ƙuli a jaka. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya, ka ga likita tukuna. Ranar hawa, ka tashi da sallar asuba, ka yi taku gajere, in haki ya hana ka magana ka tsaya ka huta.

Saukowa ta fi hawa kayar da mutane, don gwiwa ta riga ta gaji, tsakuwa kuma na gangarawa ƙarƙashin ƙafa, sai ka riƙe sanda. In kuka yi kiciɓis da jakuna ɗauke da buhuna a ƙunƙuntar hanya, ka raɓe ta gefen dutse, ba ta gefen kwazazzabo ba, ka jira har na ƙarshe ya wuce.