Fitilar Mai Bayan Gyaran Injin BMW M3

Wani mai karatu ya rubuto cewa an sauke injin motarsa BMW M3 ƙirar E46 bara, an sa sabbin metal. Yanzu in injin ya ɗau zafi yana silo, sai fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa. Ko gyaran ne bai yi ba?

Amsa: ya ajiye motar tukuna. Injin wannan motar, S54 mai lita 3.2, yana juyawa har kusan sau 8,000 a minti, kuma metal ɗin sandunan fistin ne lagonsa. BMW da kansa ya taɓa kiran motocin farkon fitowa domin canza musu metal. Sabon metal a kan kuranshaf da ba a auna ba ba ya daɗewa, balle in aka zuba baƙin mai mai tsinkewa maimakon 10W-60 da aka ƙayyade masa, ko aka yi ta taka totur kafin injin ya ɗumama.

Wani lokaci kuwa na'urar fitilar ce kawai ta lalace, abu mai araha. Bakanike ya ɗaura agogon auna ƙarfin mai, sannan ya buɗe filta. In ya ga ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, a sauke kaskon mai a duba metal kafin injin ya buga.