Yadda Ake Riƙe Ƙungiyar Manoma Har Taki Ya Isa Gona, Bashi Ya Dawo

Duk wanda ya ce maka amana kaɗai ke riƙe ƙungiya, bai taɓa tsayawa a bakin sito ranar rabon taki ba. Ƙungiyoyin gama kai na manoma a nan Hardawa da ƙauyukan Misau, har zuwa ƙasar Katagum, ba rashin mutanen kirki ke kashe su ba. Ko dai ba wanda ya san abin da ya shiga sito da abin da ya fita, ko kuwa kowa ya yi aikinsa amma ba a lokacin da ɗan'uwansa ke jira ba. Ɗaliban sha'anin gudanarwa suna haddace ayyuka biyar da Bafaranshen nan Henri Fayol ya lissafa wa shugaba a littafinsa na 1916: tsara abin da za a yi, shirya mutane da kaya, ba da umarni, daidaita ayyuka, da sa ido. Biyun ƙarshe su ne matsalarmu, kuma da biro da sikeli ake yin su.

Ku fara da rajista. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta yarda da mutum goma, sai ku nemi jami'in gama kai ya nuna muku takardun. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne.

Daga nan sai rabon hannu. Makullin sito hannu ɗaya, littafi hannu ɗaya, kuɗi hannu ɗaya, kuma kada biyu daga cikinsu su fito daga gida guda ko su zama surukan juna. Shugaba ba ya riƙe ko ɗaya. Za a ce an raina shi. Ku gaya masa an kare shi ne, domin ranar da buhu ya ɓace ba wanda zai kalle shi. Asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, sai biyu sun sa kuɗi ke fita, saƙon banki kuma ya riƙa shiga wayar wanda ba ya cikin ukun. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta Opay ko Moniepoint ɗin ma'aji, wai kafin a kai banki. Ku hana. Kuɗin ƙungiya in ya kwana a asusun mutum, ko shi kansa ba zai iya raba shi da kuɗin cefanensa ba.

Daidaita ayyuka kuwa, lissafi ne da ake yi daga baya zuwa gaba. A ƙasarmu ruwan shuka galibi a watan Yuni yake zama, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kuma tana fitar da hasashenta tun farkon shekara, malamin gona na hukumar aikin gona ta BSADP zai gaya muku abin da aka ce game da yankinku. To, ku sa ranar da taki zai kasance cikin sito, mako biyu ko uku kafin shuka. Daga ita ku ja baya: ranar da mota za ta ɗauko, ranar da za a biya dila, ranar da za a rufe karɓar kuɗin ajiya, ranar da za a rufe rubuta suna. Ranar rufe suna ita ce mai wuya, domin kullum akwai wanda ya yi tafiya, ko wanda ƙanensa bai ji ba. In kuka buɗe wa mutum ɗaya, adadin buhu ya canja, kuɗin mota ya canja, dila ya ce farashi ya tashi. Wanda ya makara ya jira zagaye na gaba, na takin yuriya.

Kowane aiki suna ɗaya ake rubutawa a gabansa. Ban yarda da "kwamiti zai nemo mota" ba, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A rubuta wane ne, da ranar da zai dawo da amsa, da wanda zai gaya wa. Mai neman mota da mai sito da ma'aji su yi waya da juna kai tsaye, ba sai ta bakin shugaba ba, in ba haka ba mota ta iso daga Azare da la'asar, mai makulli yana kasuwa, 'yan dako ba a shirya kuɗinsu ba, direba yana lissafin kuɗin kwana. WhatsApp yana da amfani wajen tuni, amma rabin mambobinku ba sa buɗe shi, don haka a bi da sanarwa bayan sallar Juma'a.

Yanzu ga inda ake kuka, wato littafin sito.

Ku sayi babban littafi mai bango mai tauri, irin na rajistar makaranta. Littafin rubutun yara mai shafi arba'in bai dace ba, ana yage masa tsakiya ba a gane ba. Kafin a rubuta komai, sakatare ya sa wa kowane shafi lamba daga farko har ƙarshe, mai binciken kuɗi ya sa hannu a shafin ƙarshe cewa shafi kaza ne. Da biro ake rubutu. Ba fensir, ba farin ruwan goge rubutu. In an yi kuskure a ja layi ɗaya yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe, mutum biyu su sa hannu.

Ranar sauke kaya mutum biyu ke ƙirge, ɗaya a bakin mota, ɗaya a bakin sito, kowa da takardarsa, ba sa kallon ta juna sai an gama. In adadi ya saɓa, a sake ƙirga jerin da ke ciki kafin direba ya tayar da mota. Kada wanda ya sa hannu a takardar direba sai lissafi ya haɗu, ko da magariba ta yi. A jera buhuna goma-goma, NPK gefe, yuriya gefe, a kan katako, da tazara daga bango yadda mutum zai zagaya. Jerin da aka manna da bango shi ake yi wa rami a tsakiya. Sannan a ɗauki buhu daga gaba da tsakiya da ƙarshen lodi a ɗora a sikeli: kilo 50 aka rubuta, kilo 50 za a gani. A dubi ɗinkin baki. Wanda aka farke aka sake ɗinkewa da hannu a ware shi. Ni yuriyar Indorama na fi so, ta Dangote ma ba laifi, amma sunan da ke jikin buhu ba ya hana a cusa masa wani abu a hanya. Sikelin rataye mai ƙugiya ya wadatar, kuɗinsa bai kai na buhu guda ba.

Ƙofar sito kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin mai sito, ɗaya wurin wani mamba da taro ya zaɓa. Kowane buhu da zai fita, da rasit mai kabon: na sama na manomi, na biyu na mai sito, na ƙasa ya zauna a littafin rasit wurin sakatare. Manomi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban mutane. Da yamma a haɗa abu uku: adadin rasit, abin da littafi ya ce ya rage, da abin da ido ya ƙirga a sito. A yi haka kowace ranar rabo. In kuka bar shi sai ƙarshen mako, bambancin buhu biyu ya riga ya zama gardamar da ba mai tuna farkonta.

Ɓarawo bai cika zuwa sito ba. Ɗan aike ne ke zuwa. Yaro ya tsaya da babur ya ce Alhaji ya ce a ba shi huɗu, zai zo ya sa hannu gobe. Alhajin nan kuwa kawun mai sito ne, ko shi ya ba ƙungiya ɗakin da take ajiya. Na ga ƙungiyar da ta watse a kan irin wannan goben. Mai sito ba zai iya cewa a'a da bakinsa ba, don haka ku ba shi abin fakewa: taro ya zartar tun kafin kaya su zo cewa mai aike sai ya bayar da sunan wakilinsa a rubuce, kuma makulli na biyu ba ya fitowa sai ranar rabo. Sai mai sito ya taka da kansa ya je ya durƙusa: "Kawu, ka yi haƙuri, wallahi makulli ɗaya ne a hannuna. Ga rasit na kawo maka har gida, ka sa hannu, Asabar da safe ni zan kawo kayan." Dattijo ya samu girmansa, littafi ya samu hannunsa. In mai gari ne ya nemi a taimaka wa wani, shugaba ya je da kansa, ya ce "Ranka ya daɗe, mun ji, za mu karanta wa taro." Yawanci daga nan maganar ke sauƙi.

Mai binciken kuɗi ya riƙa zuwa ƙirge ba sanarwa, da shaida ɗaya. Mai siton da ya ce sai an gaya masa kwana biyu kafin a zo, ku fara neman wanda zai gaje shi.

Maganar karɓar bashin takin tun ranar rabo ake gama ta, a takarda. A rubuta me za a biya da shi, kuɗi ko hatsi. In hatsi ne, gero ko dawa ko wake ko riɗi, a rubuta kilo, kada a rubuta buhu ko tiya, domin tiyar mai biya da ta mai karɓa ba su taɓa zama ɗaya ba. A rubuta ranar ƙarshe a cikin kaka, kafin hatsi ya tafi kasuwa ya koma kuɗin biki. A haɗa mambobi biyar-biyar su tsaya wa juna, su za su zaɓi junansu. Wanda ya rasa masu tsaya masa, ƙungiya ta ji amsar da take bukata. Ku tuna shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015. An jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022, amma manoma da yawa sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na gwamnati, kuma a ƙarshen 2023 bankin ya daina karɓar sababbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye. Kalmar "tallafi" kada ta fito daga bakin shugaba in rance ake nufi.

Waken da aka karɓa a duba bushewarsa, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban. Ya fi buhun gari tsada, amma ba ruwanku da maganin ƙwari. Shi ma ya shiga littafin sito da kilonsa da sunan wanda ya kawo.

A taron wata-wata sakatare ya karanta lissafi da ƙarfi, da Hausa: abin da ke banki, abin da ke sito, wanda ya biya, wanda ya rage. Sunan shugabanni da ake bi bashi shi ake fara karantawa. A kawo takardar banki a zagaya da ita hannu-hannu, mata mambobi ma a kai musu inda suke zaune, ko a tura musu wakiliya da kwafi. In an yi zaɓe, a miƙa littafi da makullai a bakin sito bayan an ƙirga kaya, tsoho da sabo su sa hannu a shafi ɗaya, sannan a sayi sababbin kwaɗuna a ranar.