Darasin Fiƙihu: Natsuwar Gaɓoɓi a Cikin Sallah



'Yar'uwa Musulma, kullum kina kawo raka'a 17 na farilla, a cikinsu akwai sujada 34. To guda nawa ne kika san lokacin da goshinki ya taɓa ƙasa? Sau da yawa jiki yana kan sallaya, hankali kuwa yana can wajen tukunyar da aka bari a kan wuta.

Ki sani, khushu'i aikin zuciya ne, kuma da shi Allah Ya fara yabon muminai a farkon Suratul Mu'minun. Natsuwa kuwa, wato ɗuma'nina, aikin gaɓoɓi ce: kowace gaɓa ta zauna daram a wurinta kafin ki matsa zuwa rukuni na gaba. Littafin Ahalari da muke karantawa a Islamiyya ya lissafa ta cikin farillan sallah, tare da daidaituwa. Ke nan ba ado ba ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa wani mutum ya yi sallah a masallaci, Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi har sau 3 ya sake, sannan ya koya masa ya natsu a ruku'u, a ɗagowa, a sujada da zama. Abin tsoro ne fa, a yi ta wahala babu sallah.

Ga abin da za ki lura da shi:

1. Kafin kabbara. Hadisin Nana A'isha (RA) ya hana yin sallah ana matse da fitsari ko bayan gida, ko ga abinci an ajiye rai na biyawa. Ki sauke tukunya, ki shayar da jariri, sannan ki tsaya.

2. Tsayuwa. Ki ji nauyinki ya sauka a kan ƙafafu biyu daidai, ki saki kafaɗu, kada ki ja Fatiha da numfashi ɗaya.

3. Ruku'u da ɗagowa. Tafuka a kan gwiwoyi, ki dakata gwargwadon tasbihi ɗaya aƙalla. In kin ɗago, sai bayanki ya miƙe sosai kafin ki duƙa. Nan ne yawancinmu muke sata.

4. Sujada. Gaɓoɓi 7 ne: goshi haɗe da hanci, tafuka biyu, gwiwoyi biyu, da yatsun ƙafafu biyu. Risala ta nuna mace tana tattara jikinta ne, ba ta buɗa cinyoyi da damatsa kamar namiji.

Mai juna biyu ko mai ciwon baya, kada ki takura kanki. Imrana bin Husaini (RA) ya yi fama da basir, aka ba shi izinin yin sallah a zaune, in ya kasa ya yi a kishingiɗe. Natsuwa dai ba ta faɗuwa.

Ido ba ya ganin kansa. Ki roƙi malamarki ko maigida su kalli sallarki sau ɗaya su gyara miki, ke ma ki kalli ta 'ya'yanki, domin abin da suka gani wurinki shi za su ɗauka. A wannan makon ki fara da gyara ɗagowa daga ruku'u kawai.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya sa mu dace, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.