Yadda ake sauya sandar baya ta ƙaramar mota don rage kwanciya a kwana

Ƙananan motocin da ke jigila tsakanin Sabon Gida da Madawa, da waɗanda ke hawa duwatsun Adar zuwa Buza da Keita, yawancinsu don mutum biyar da ƴan jakunkuna aka ƙera su. A nan kuwa sai ka ga Starlet ko Corolla ko Golf ta cika da fasinja, an danƙara buhunan albasa a but har ba ya rufuwa, an kuma ɗaure wasu a sama. Kukan direbobi ɗaya ne: da an shiga kwana sai motar ta kwanta gefe guda. Maganin da aka fi ba su shi ne a sa wa baya sanda mai kauri, wato ƙarfen nan da makanikai ke kira sitabilaiza. Gyaran yana da amfani, amma bisa sharaɗi biyu. Ya zama shi ne na ƙarshe, bayan an gama da taya da shoka da sifirin, kuma a ƙara kaurin kaɗan kawai. Wanda ya tsallake waɗannan ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Dalili yana cikin yadda sandar ke aiki. Ƙarfe ne mai lanƙwasa biyu, tsakiyarsa a ɗaure da jikin mota cikin robobi biyu, bakinsa na dama da na hagu kuma kowanne a haɗe da ƙafarsa ta wani ɗan gajeren ƙarfe. Idan tayoyin baya suka hau tudu tare, sandar juyawa kawai take yi cikin robobinta, ba ta tare komai. Sai taya ɗaya ta yi sama ɗayar ta yi ƙasa, kamar yadda ke faruwa a kwana, sannan take murɗewa ta yi gardama. Ke nan ba ta ɗaukar lodi ko kilo ɗaya, kuma ba ta ɗaga bayan motar da ya zauna. Abin da take yi shi ne rage kwanciya, ta hanyar ɗora ƙarin nauyi kan tayar baya ta waje. Ita kuwa taya riƙonta ba ya ninkuwa don nauyin da ke kanta ya ninku. Saboda haka duk ƙarfin da aka ƙara wa sandar baya, an matso da lokacin da bayan motar zai zame. A motar da ba ta da kaya wannan yakan gyara tafiya, domin masu ja da tayoyin gaba kan so su zarce gaba a kwana. A motar da albasa ta riga ta rinjayi bayanta, haɗari ne. Tarihi ya nuna haka: Corvair ta Chevrolet, wadda ta fito a Amurka a ƙarshen 1959 da inji a baya, ta yi ƙaurin suna wajen zamewar baya, kuma a 1964 gaba kamfanin ya sa wa sanda a duk samfurin.

Mataki na farko shi ne bincike, tun kafin a sayi komai. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen fili marar gangara, a auna iskar tayoyi, a tabbatar na baya girmansu ɗaya kuma ba su cinye ba. A danna kowace kusurwar baya da ƙarfi a saki. Idan ta tashi ta tsaya, shokar na da rai. Idan ta ci gaba da lilo, ko aka ga mai ya jiƙa jikinta ƙura ta manne, ta mutu. A auna daga tsakiyar taya zuwa bakin jikin mota a dama da hagu, domin bambanci mai yawa alamar sifirin ya gaji ne. Sannan a kama tsohuwar sandar a girgiza. Robar da ta tsage ko ɗan ƙarfen haɗin da ya yi sako-sako sun isa su sa mota kwanciya da ƙara, kuma sau da yawa sauya su kaɗai ya wadatar.

Na biyu, a leƙa ƙarƙashi a gane irin ƙafar da motar ke da ita. Corolla ta shekarun 1990 kowace ƙafar baya cin gashin kanta take yi, kuma akan samu sandar daban, da robobinta da ƴan ƙarafan haɗinta. Starlet da Golf na wancan zamani kuwa gatari guda ne ya haɗa tayoyin biyu, shi ne ma ke murɗewa ya yi aikin sandar. A irin wannan, sai dai sandar da aka ƙera musamman don ta ɗauru a jikin gatarin. In ba a same ta ba, a bar motar yadda take. Inda akwai sanda, a goge ta a auna kaurinta da ma'aunin milimita a wurin da ta miƙe, kada a dogara da ido.

Na uku shi ne zaɓe, kuma a nan lissafi ke ba mutane mamaki. Ƙarfin sanda ba ya tafiya daidai da kaurinta, tsalle yake yi. Daga milimita 14 zuwa 16, ƙarfin ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari. Daga 16 zuwa 18, da kashi 60. Daga 14 kai tsaye zuwa 20 kuwa ya ninka fiye da sau huɗu. Don haka milimita biyu ta isa. Mafi kyau a nemi sandar wani samfuri na wannan motar a wajen masu tsofaffin kaya na Maraɗi ko Birnin Ƙonni, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, a tafi da tsohuwar a jera su a ƙasa a ga lanƙwasa da tsawo sun dace. A ƙi wadda aka taɓa yi wa walda ko aka miƙar da wuta. A sayi sababbin robobi masu ramin da ya yi daidai da sabon kaurin, da sababbin ƴan ƙarafan haɗi.

Na huɗu, cirewa. A sa mota a giya ta ɗaya, a tare tayoyin gaba da duwatsu gaba da baya, domin birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, kuma da an ɗaga su ba shi da amfani. A ɗaga ɓangarorin biyu daidai, in ba haka ba sandar na murɗe kuma kusoshin ba za su fita ba. A tokare motar da matokaran ƙarfe ko katako mai kauri a kan ƙasa mai tauri. Jak kaɗai ko tubalin laka a kan rairayi ba abin shiga ƙarƙashi ba ne. A ɗiga mai kan notocin da suka yi tsatsa a ba su lokaci. A fara kwance ƴan ƙarafan haɗi, sannan maɗauran robobin. Kafin a zare sandar a lura da inda bakinta ya fuskanta, ko a ɗauki hoto da waya, saboda tana iya shiga a kife. A zare ta a hankali kada ta ja tiyon birki.

Na biyar, ɗaurawa. A shafa wa robobin ruwan sabulu su shige, kada a sa baƙin mai, domin yana cin roba. A daidaita sandar a tsakiya, a ɗaura dukkan notoci da hannu ba tare da an matse ba. A sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, a ɗan girgiza ta, sannan a matse. Robar da aka matse mota na rataye, a murɗe za ta zauna har ta yage. A duba sandar ba ta taɓa salansa ko tankin mai ko tiyon birki. Daga nan sai gwaji: a fara ba kaya, a hankali, a kwalta inda babu cunkoso, sannan da lodin da aka saba, sannan a burji. Idan aka ji baya na neman wuce gaba, musamman lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, sandar ta yi ƙarfi, a mayar da ta da. Bayan kwanaki kaɗan a sake matse notocin, don gargada na kwance su.

Wani zai ce ai motar lodi ƙarfe mai kauri take so. Amsa ita ce sifirin ke ɗaukar lodi, kuma kayan da aka ɗaure a sama su ne ke ƙara kwanciya, sauke buhu biyu daga can ya fi kowace sanda. Wani zai ce mai walda zai lanƙwasa rodi a kuɗi kaɗan. Rodin gini ba ƙarfen sifirin ba ne, in ya murɗe ba ya komawa, kuma wurin walda nan yake karyewa. Akwai kuma masu cewa a hanyar burji gara a cire sandar gaba ɗaya. Suna da ɗan gaskiya, domin sanda mai ƙarfi tana ɗaga taya ɗaya a rami, ta kuma ƙara jijjiga. Amma motar da ta fito daga Sabon Gida za ta hau babbar hanyar da ta bi ta Galmi da Madawa zuwa Maraɗi, inda ake gudu ana kauce wa manyan motoci da amalanke. A can ake bukatar sandar.

Saboda haka, direba da mai mota, kafin ku biya kuɗin sanda ku sa makaniki ya nuna muku shoka da sifirin da robobi da idonku. In suna lafiya, ku ƙara milimita biyu ku tsaya nan, kuma ku rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.